Masu Auna Karatun 'Ya'yanmu

Ɗauki kundin kammala digiri na ɗalibin fannin ilimi, ko daga Aliero ya fito ko Sakkwato ko Zariya, ka buɗe babi na uku, inda ake bayyana yadda aka gudanar da bincike. Sau tari za ka ci karo da sunaye biyu a jere, Krejcie da Morgan, da shekarar 1970 a gefensu. Ɗalibai da yawa sun rubuta sunayen nan ba tare da sun san masu su ba. Robert Krejcie malami ne a Jami'ar Minnesota da ke Duluth, Daryle Morgan kuma a Jami'ar Texas A&M, dukansu a Amurka. Abin da suka wallafa shafi huɗu ne kacal, daga na 607 zuwa na 610, a wata mujalla ta masu auna ilimi da halayyar ɗan'adam. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma Google Scholar na nuna an kafa hujja da shafukan nan sau dubun-dubata. Har yau adadin hawa yake yi.

Ba wani sabon lissafi suka ƙirƙiro ba. Ƙa'idar tana nan tun kafin su, ƙungiyar malaman Amurka ta buga ta a 1960. Abin da suka lura da shi shi ne, malamin makaranta ko jami'in ilimi da ke son sanin mutum nawa zai tambaya kafin ya ce ya fahimci halin jama'a, ba shi da lokacin zama ya yi ta bugun lissafi. Sai suka buga masa, suka jera amsoshin a jadawali guda. Idan mutanen da kake bincike a kansu 100 ne, tambayi 80. Idan 500 ne, 217. Idan 1,000 ne, 278. Idan 10,000 ne, 370. Idan kuwa sun kai miliyan guda, 384 sun wadatar.

A ganina wannan jadawali ya isa darasi ga duk mai son sanin abin da ke raya aikin mai bincike. An riƙa ambaton mutanen nan biyu ne saboda sun sauke wa wasu nauyi, kuma wanda ya jingina da aikinsu bai faɗi ba. A ƙarƙashin kowane ambato na gaskiya akwai wata gwaninta da ba a cika yaba wa masu ita ba a wurinmu: iya zaɓen wanda za a tambaya, iya tambayar, da iya riƙe amanar amsar har ta isa takarda. Masu wannan aiki suna nan cikinmu a jihar Kebbi, a tsangayar ilimi ta jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Mukan gan su da tulin takardu a bayan babur, mu ɗauka raba fom kawai suke yi.

Mutumin Aliero ba ya bukatar dogon bayani kan yadda kaɗan ke wakiltar mai yawa. Dillalin da ya zo sayen buhu ɗari na albasa ba ya sa a zazzage su duka. Yakan nuna wannan buhu a kwance, ya tsallake uku, ya nuna wancan, sannan ya zura hannu ya ciro daga baki da tsakiya da can gindi, domin ya san kowa manyan yake ɗorawa a sama. Idan hannunsa ya ratsa ko'ina, 'yan ƙwayoyin da ya ciro sun gaya masa gaskiyar kayan, ko buhu ɗari ne ko dubu. Wannan ne dalilin da ya sa 370 ke isar mutum dubu goma, amma miliyan guda ba ta nemi fiye da 384 ba. Ingancin zaɓen ne ke aiki, yawan jama'ar bai cika ƙara komai ba bayan an wuce wani mataki.

Sai dai jadawalin yana da sharuɗɗa, kuma a nan ake gane gwani. An gina shi a kan cewa kowane mutum yana da dama daidai da ta kowa ta a zaɓe shi, kamar yadda ake fitar da suna ta ƙuri'a. An kuma gina shi a kan yarda da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba, da tabbacin kashi 95 cikin 100. Wanda ya tsaya a makarantu huɗu na bakin kwalta tsakanin Jega da Aliero ya tara yara 384, ya cika adadi amma bai cika sharaɗi ba. Yaran aji ɗaya malaminsu ɗaya, allonsu ɗaya, rufin da ke zuba a kansu ɗaya, saboda haka amsoshinsu sukan yi kama da juna, yara arba'in su ba ka labarin da bai fi na 'yan kaɗan ba. Leslie Kish ya warware wannan matsala dalla-dalla a littafinsa na 1965 kan zaɓen samfur, ya nuna yadda ake lissafa ƙarin da ake bukata idan rukuni-rukuni aka ɗebo mutane. Gwanin mai bincike yakan nemo jerin dukan makarantun Jega da Aliero da Maiyama, ya ware na cikin gari da na ƙauye, ya jefa ƙuri'a a kowane kashi, ya ɗebi yara kaɗan-kaɗan daga makarantu da yawa. Idan ƙuri'a ta faɗa kan makarantar da ke bayan fadama, inda mota ba ta shiga da damina, can zai je. Ba ya musanya ta da wadda ke kusa da tasha. Babu mai ganinsa a lokacin da yake yanke wannan shawara, kuma duk darajar alƙaluman da zai fitar a kanta ta rataya.

Jerin sunayen ma kansa abin tuhuma ne. Rajistar makaranta tana faɗin wanda aka rubuta, ba ta faɗin wanda ke zuwa. Yaro na iya kasancewa a rajista shekara uku alhali yana Kwantagora wajen kawunsa. Wanda kuma bai taɓa taka ƙofar makaranta ba, babu rajistar da za ta nuna shi, ga shi kuwa shi ne aka fi bukatar sanin halinsa. Shi ya sa manyan binciken ilimi ke barin makaranta su bi gida-gida. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi irin wannan a 2004 da 2010 da 2015, a binciken da ake kira NEDS, inda aka shiga gidaje aka tambayi iyaye ko yaro na zuwa makaranta, me ake kashewa a kansa, me ya sa ya daina idan ya daina, aka kuma miƙa wa yaron kati a ga ko zai karanta. Duk da haka almajirin da ke kwana a zauren malaminsa, da ɗan Fulanin da ke mashekari, suna iya zamewa ta tsakanin gida da makaranta ba a ƙirga su ba. Mai bincike nagari yakan faɗi wannan ƙarara a rahotonsa, ya ce ga waɗanda hannuna bai kai gare su ba.

Wanda ya fahimci wannan ba zai ruɗe ba idan ya ji alƙaluma sun saɓa. An daɗe ana jin UNICEF na cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, sai UNESCO ta fito a 2022 da kimanin miliyan 20. Mutane suka yi ta cewa ɗaya ƙarya yake yi. Alhali kuwa shekarun yaran da kowanne ya ƙirga sun bambanta, na biyun ya haɗa har da matasa 'yan shekara 18 da ya kamata a ce suna babbar sakandare, hanyar lissafin ma ba ɗaya ba ce. Kafin ka karɓi kowane adadi, tambayi wa aka ƙirga, a wace shekara, kuma makarantar allo da Islamiyya a wane ɓangare aka sa su.

Tsara tambayar ita ce inda na fi jinjina wa masu wannan sana'a, domin a nan ilimin littafi kaɗai ba ya fitar da mutum. Tun 1932 Rensis Likert ya kawo salon nan na a ba mutum magana ya nuna ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai tsayar da ra'ayi ba, ko bai yarda ba, ko bai yarda ba sam. Ɗalibanmu sun saba da mai mataki huɗu, inda ake ɗaukar 2.50 a matsayin tsakiya. Salon yana da sauƙi, amma a ƙasar Hausa yana da tarko. Mu mutane ne masu kunya da kara. Baƙo ya zo da takarda, ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma an kawo masa ruwa, sannan ya ce, "Baba, ka yarda karatun 'ya mace yana da amfani?" Wane dattijo ne zai kunyata baƙonsa? Zai ce ƙwarai kuwa, ko da 'ya'yansa mata duka suna talla. Amsar ladabi ce aka samu, aka rubuta ta a matsayin ra'ayi.

Gwani ba ya tambayar abin da mutum ya yarda da shi idan yana iya tambayar abin da ya faru. Zai ce, "Baba, yara mata nawa ne a gidan nan da suka kai shekara shida? Wacce ce ta je makaranta jiya? Wacce ce ba ta je ba, me ya hana ta?" Jiya rana ce guda, mutum yana tuna ta, kuma faɗin abin da ya faru a cikinta bai zama cin fuska ga kowa ba. Haka idan ya je wurin hedimasta, ba zai ce masa, "Malam, malamanka na zuwa aiki a kan lokaci?" ba, domin ya san mutumin yana tsoron kada takardar ta ƙare a teburin sakataren ilimi. Zai zo da sassafe ba tare da ya sanar da ranar ba, ya gaisa, ya nemi izini ya zaga azuzuwa, ya ƙirga da idonsa ajin da ke da malami a tsaye. Gani ya kori ji. Ba ya kuma cusa tambaya biyu a cikin ɗaya. Idan ka ce wa uwa, "Makarantar tana da kyau kuma tana kusa?" ta ce a'a, ba ka san wanne ta ƙi ba.

Akwai kuma sanin ƙofar shiga. Ba a faɗa wa gari da takarda a hannu sai an fara zuwa gaban hakimi ko mai unguwa an ce ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, ba rabon tallafi ba ne, ba kuma rajistar haraji ba. Idan ba a share wannan ba, wasu za su ƙara yawan 'ya'yansu don tsammanin rabo, wasu su rage don tsoro. Cikin gida kuwa mace ake turawa, domin iyaye mata ne suka san wanda ya tashi da zazzaɓi da wanda aka aika kai abinci gona, kuma ba za su saki jiki da baƙon namiji ba, in ma an bar shi ya wuce zaure. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Wanda ya ƙirga halartar yara a Aliero ranar kasuwa, ko a tsakiyar cirar albasa lokacin da kowane hannu ke da aiki a fadama, zai samu adadi dabam da wanda ya zo a wani mako. Duka biyun gaskiya ne, amma dole a rubuta ranar da aka ƙirga. Har bakin da za a yi tambayar da shi abin lura ne: takardar da aka tsara da Hausar Kano tana bukatar wanda zai daidaita ta da kunnen yaron da ya tashi yana jin "mi" da "ɗiya", balle idan aikin ya kai Zuru ko Yawuri inda wasu yaran ba Hausa ce harshen gidansu ba.

Kafin a fita fili akan gwada takardar a kan mutane kaɗan, a ga inda suka yi turus, a gyara. Sannan a auna ko tambayoyin da aka ce abu ɗaya suke nema suna tafiya tare, da ma'aunin da Lee Cronbach ya bayyana a 1951, wanda aka saba karɓar 0.70 zuwa sama a kansa. Ma'aunin yana nuna daidaituwar tambayoyi da junansu ne kawai. Ko suna auna abin da ya dace, wannan hukuncin mai binciken ne da malaman da suka duba masa.

Idan ana son ganin abin da wannan gwaninta ke iya yi idan ta cika, a dubi abin da ya faru a wasu jihohin Arewa. A 2011, sannan a 2013, an gudanar da gwajin karatun yara 'yan ƙananan azuzuwan firamare da Hausa a jihohin Sakkwato da Bauchi, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka da ƙwararrun cibiyar RTI. Gwajin, wanda ake kira EGRA, ba jarrabawar rubutu ba ce. Mai gwaji yakan zauna da yaro ɗaya, ya kwantar masa da hankali, ya gaya masa wannan ba ya shafar sakamakonsa na makaranta, kuma yana iya ƙi idan ba ya so. Sai ya nuna masa haruffa ya faɗi sautinsu. Sai kalmomin da aka ƙirƙira waɗanda ba su da ma'ana, don a rarrabe yaron da ke iya haɗa baƙi da wasali da wanda ya haddace siffar kalma kawai. Wannan dabara tana burge ni matuƙa, musamman a ƙasar da yara suka ƙware wajen hadda, inda yaro zai iya rera shafi guda da ka ba tare da ya gane harafi ɗaya a cikinsa ba. Daga nan sai ɗan gajeren labari, agogo na tafiya, daƙiƙa 60, ana ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Idan ya kasa layin farko gaba ɗaya, akan tsayar da gwajin cikin lallashi don kada a wulaƙanta shi. A ƙarshe mai gwaji ya karanta masa wani labari da bakinsa ya yi masa tambayoyi, don a gane ko matsalar ta fahimtar harshe ce ko ta karatu.

Sakamakon ya girgiza duk wanda ya gan shi: mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin ba, a harshen da suke magana da shi tun suna goye. Iyaye sun daɗe suna zargin haka, malamai ma sun sani a zuci, amma zargi ba ya shiga kasafin kuɗi. Adadin da aka samo ta hanyar da ba a iya musantawa shi ya shiga. A bayansa ne aka samu shirin Mu Karanta! a jihohin biyu, da littattafan yara da jagoran malami na koyar da karatu da Hausa. Haka nan da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 a 2017 don shirin BESDA na mayar da yara makaranta a jihohi 17, ciki har da Kebbi, alƙaluman binciken gida-gida na cikin abin da aka dogara da shi wajen sanin inda matsalar ta fi tsanani. Matar da ta zauna a tsakar gida tana tambayar wata uwa wacce ce ta je makaranta jiya, aikinta ya kai har teburin da aka raba waɗannan kuɗi, ko da ba ta taɓa sani ba.

Bayan fili sai rubutu. Mai bincike yakan tsara abin da ya samo a maƙala, ya tura wa mujalla, edita ya miƙa wa masana biyu ko uku na fannin su tantance, galibi ba tare da sun san sunan marubucin ba. Sukan dawo da ita da tambayoyi masu zafi: yaya ka zaɓi makarantun, mutum nawa suka ƙi amsawa, me ya sa ka ce wannan ne ya haddasa wancan alhali tare kawai ka gan su? Wata maƙalar takan shekara tana kai da komo. Idan ta fito, sai a jira a ga ko wani zai ɗauka ya yi gini a kanta.

Ambaton wanda ka ɗauka daga gare shi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Jami'ar Aliero yanzu sunan Abdullahi ɗan Fodiyo take ɗauke da shi, malamin da kabarinsa ke Gwandu, kuma cikin abin da ya bari akwai Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, tun daga yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da Mervyn Hiskett ya buga littafin tare da fassarar Turanci a 1957, masana tarihi suka samu hanyar gane irin karatun da ake yi a ƙasar nan kafin jihadi. Malaman zaure har gobe ba sa karɓar magana sai sun ji daga wa aka ɗauko ta. Abin da zamani ya ƙara shi ne ƙirgawa. Eugene Garfield ya kawo shawarar a 1955 cewa a riƙa tattara wa ya ambaci wa a mujallun kimiyya, kundinsa na farko ya fito a 1964. A 2004 Scopus da Google Scholar suka bayyana, aikin ya koma na daƙiƙoƙi a kwamfuta. A 2005 kuma wani masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da yanzu ake tambayar kowane malamin jami'a, ma'aunin h.

Lissafinsa ba wuya. A jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambato zuwa ƙasa, a nemi inda lambar jeri ta yi daidai da yawan ambato. A ce wani malami yana da maƙala 40, amma 6 ne kawai a cikinsu aka ambata aƙalla sau 6 kowacce, to ma'auninsa 6. Wata malama kuma tana da 12 kacal, amma 10 daga ciki an ambaci kowacce aƙalla sau 10, nata 10 ne. Hikimar Hirsch ita ce ya hana tulin takardu marasa amfani ɗaga mutum, ya kuma hana sa'a guda ɗaya yin hakan. Amma a nan ne rauninsa yake. Da a ce shafuka huɗun nan na 1970 ne kaɗai abin da Krejcie da Morgan suka taɓa rubutawa, da ma'auninsu bai wuce 1 ba, duk da dubban kundayen da suka tsaya a kansu.

Don haka karanta tarihin wallafe-wallafen mai bincike shi ma gwaninta ce, kuma adadin da ke saman shafi mafari ne kawai. Wanda ya iya yakan buɗe ya ga su wa suka yi ambaton. Idan rabinsu marubucin ne da kansa da ɗalibansa, wannan magana ce dabam da a ce wani a Maraɗi ko Kenya ya ɗauki takardar tambayoyinsa ya gwada a can ta yi aiki. Yakan duba dalilin ambaton, domin akan ambaci aiki don a nuna kuskurensa. Yakan duba ko mutumin ya riƙe tambaya ɗaya yana zurfafa ta shekara da shekaru, ko kuwa yau yana kan shan ƙwaya, gobe kan kwamfuta, jibi kan shugabanci, duka da fom iri ɗaya. Yakan kuma duba mujallar. Akwai masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da tantancewa ba, irin waɗanda wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa jera sunayensu har ya rufe jerin a farkon 2017. Matsin neman ƙarin girma ya tura malamai da yawa hannunsu, kuma ina ganin laifin tsarin da ke ƙirga yawan takardu ya fi na malaman. Ba a kuma gwada mai binciken ilimi da mai binciken sinadarai, domin fannonin ba su da yawan mujallu ɗaya, ba su da saurin ambato ɗaya. Masana da kansu sun yi wannan gargaɗi a sanarwar San Francisco ta 2012 da ta Leiden ta 2015, cewa adadi ya taimaka wa hukunci, kada ya maye gurbinsa.

Akwai kuma tasirin da na'ura ba ta gani sam. Jami'in tsare-tsare a hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ya karanta wani bincike ya sauya inda za a tura sababbin malamai, bai rubuta maƙala ba, don haka ba a ƙirga shi. Abin da aka rubuta da Hausa ko Larabci, da mujallun tsangayoyi da ba su hau intanet ba, yawancinsu ba sa shiga lissafin. Dandalin AJOL, wanda ya fara a 1998 don fito da mujallun Afirka, ya rage wannan gibi amma bai rufe shi ba. 

Abin da ya fi damuna shi ne kundayen da ke jibge a kantocin sassan jami'o'i da kwalejojinmu. A cikinsu akwai na kwafe-kwafe, ba na musu. Amma akwai waɗanda ɗalibi ya shiga ƙauyukan Maiyama da kuɗin aljihunsa, ya zauna da yara ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da gaskiyar da babu ita a ko'ina. Ba wanda zai ambaci abin da bai gani ba, kuma mai bincike na gaba zai sake farawa daga tushe kamar ba a taɓa zuwa garin ba.

Ina roƙon hukumomin jami'ar Aliero da ta Birnin Kebbi da kwalejin Argungu su zaɓi kundayen da suka inganta su ɗora su a intanet inda kowa zai samu, tare da takardun tambayoyin da aka yi amfani da su da bayanin yadda aka zaɓi makarantu, bayan an cire sunayen yara da na iyayensu. Ina roƙon kwamitocin ƙarin girma su riƙa karanta maƙala biyu ko uku na malami da idonsu kafin su ƙirga sauran. Kai kuma mai karatu, idan wata rana aka yi sallama a ƙofar gidanka da takarda a hannu ana tambayar wanda ya je makaranta jiya, ka tambayi mai takardar daga ina yake da abin da za a yi da amsar, haƙƙinka ne. In ka gamsu, ka gaya masa adadin yadda yake, har da yaron da bai je ba.